Me ake nufi da "dabbar gida"? Kare da kakansa kyarkeci

Ranar da masu wasa da kura suka shigo Maradi, na ji wani yaro yana ce wa mahaifinsa, "Baba, ai wannan kurar ta zama ta gida." Tana ɗaure da sarƙa, an sa mata takunkumi, gardi na shafa mata wuya. Sai dai abin da yaron ya gani sabo ne kawai. Duk daɗewar kura a hannun gardi, in ta haihu, ɗanta kuran daji ne, sai an sake hora shi tun daga farko.

Idan masana suka ce dabba ta zama ta gida, suna nufin jinsin ne gaba ɗaya ya sauya, daga iyaye zuwa jikoki, har a haifi ɗa da halin zama da mutum a jininsa. Jar akuyar Maradi da muke alfahari da fatarta haka take. Ba wanda ke koya wa ɗanta dawowa turke da yamma.

Dabbar da ta fara bin wannan hanya ita ce kare, shekaru aƙalla 15,000 da suka wuce, tun mutum bai san noma ba, balle kiwon tumaki da awaki. Kakansa kyarkeci ne, amma ba kyarkecin dajinmu mai dabbare-dabbare ba, ba kuma dila ba. Wani ne mai ruwan toka da ke yawo a ƙasashen sanyi na Turai da Asiya. Masana da yawa na ganin ba kamo shi aka yi ba. Mafarauta kan bar ƙashi da ragowar nama a bayan zango, kyarketai marasa yawan tsoro su matso su ci, su rayu, su haifi masu halinsu. Masu zafin rai kuwa a kore su ko a kashe.

A 1959 wani masani ɗan Rasha, Dimitri Beliyayef, ya gwada abin a Saiberiya da wani nau'in yanyawa. Bai hora ko ɗaya ba. A kowace haihuwa sai ya ware waɗanda ba su cizo ba su gudun mutum, ya bar su su hayayyafa. Ba a jima ba jikokinsu suka fara kaɗa wutsiya in sun ga mutum, daga baya wasu suka fito da kunne a lanƙwashe da farin tabo a jiki.

Sauyin ya shiga har cikin ciki. Dubi karen ƙauye wajen Madarumfa idan uwargida ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba masa, yadda yake lashe tuwon gero tas ya kwanta. Bincike ya nuna yawancin karnuka sun fi kyarkeci ƙwayoyin gado masu taimaka wa narkar da hatsi, domin sun daɗe suna cin abin da manomi ya rage. Karen Azawak kuwa, dogon nan siriri da Buzaye ke ji da shi, gudu da farauta aka zaɓa a jikinsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yara sun tasa kare da jifa a lungu ba laifin fari ba na baƙi. A 1914, a Obakasel kusa da birnin Bon na Jamus, an tono wani kabari mai kimanin shekaru 14,000. A ciki akwai namiji da mace da ɗan kwikwiyo. Haƙoransa sun nuna ya yi makonni yana fama da ciwo mai tsanani, irin wanda ba ya barin kwikwiyo sai in akwai mai ba shi ruwa, yana share shi, yana ɗumama shi. Bai kai ya yi musu farauta ko gadi ba, amma suka yi jinyarsa, kuma da aka binne su aka sa shi tare da su.