Alaƙar iyali da karatun yaro a mahangar bincike

Binciken alaƙar iyali da karatun yara fage ne da masana zamantakewa da na halayyar ɗan Adam da na tattalin arziki suka yi tarayya a kai, kowa da hanyarsa amma tambayar ɗaya ce, wato me ya sa yara biyu za su zauna benci ɗaya gaban malami ɗaya amma wani ya yi wa wani fintinkau, kuma nawa ne daga cikin wannan tazarar ke tasowa daga gida. In an ce gida a nan ana nufin aljihun uba, har da wanda ya raini yaron, yadda ake hira da shi, ana zaman lafiya ko kullum cikin faɗa ake, yayye da ƙanne nawa gare shi, da burin da manyan gidan suka ɗora masa.

Mafarin fagen

Galibi daga Amurka ake fara ƙirga. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta ce a binciko ko yaran baƙar fata na samun dama iri ɗaya da na farare a makarantu, sai aka ɗora wa James Coleman na jami'ar Johns Hopkins aikin, shi da mutanensa suka tattara bayanan ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kusan 4,000 suka fitar da rahoto a 1966. Kowa ya zata za a ce gini ne da laburare da kuɗin da ake kashewa, sai rahoton ya ce a'a, gidan da yaro ya fito ya fi bayyana bambancin sakamako, sai kuma irin 'yan ajin da yake cuɗanya da su. An sha gardama a kan lissafin Coleman, amma tun daga nan babu mai binciken makaranta da zai tsallake gida. A 1967 rahoton Plowden, na wani kwamitin gwamnati kan makarantun firamare a Ingila, shi ma ya jaddada muhimmancin yadda iyaye suka ɗauki karatun.

Shaƙuwa tun ana goyo

Wani reshen kuma tun kafin makaranta yake farawa. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka taso babu uwa ko mai tsaya musu. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ce ta je ta ga abin da idonta, a Yuganda ma ta fara, wajen 1954, tana shiga gidajen da ke kusa da Kampala tana kallon iyaye mata da jariransu. Abin da ta lura shi ne jaririn da ya san in ya yi kuka za a zo, shi ne ya fi sakin jiki ya rarrafa ya je ya taɓa wancan ya duba wannan, ya waigo ya ga uwar na nan ya ci gaba. Koyo daga nan yake somawa. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa ɗan ƙaramin nazari kan jariran Hausawa, suka ga yaro ɗaya kan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, abin da duk wanda ya tashi a gidan yawa ba zai yi mamaki ba.

Hujja mafi ƙarfi daga Romaniya ta zo, kuma labarin ba daɗi. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989 an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu na gwamnati, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu balle ya yi musu wasa. Daga wajen 2000 Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka bi yara 136 a Bukares, aka yi ƙuri'a rabi suka koma hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka kai hannun masu riƙo sun fi waɗanda suka rage a gidan marayu a gwajin basira da na magana, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2.

Salon tarbiyya

A shekarun 1960 Diana Baumrind ta jami'ar Kalifoniya a Bakli ta kasa iyaye gida uku: masu kafa doka amma da jan yaro a jiki da yi masa bayani, masu tsanani na "na faɗa na gama", da masu sakaci da doka duk abin da yaro ya so shi ke nan. A 1983 Maccoby da Martin suka ƙara na huɗu, waɗanda ba doka ba kulawa. A yawancin binciken Amurka 'ya'yan kashin farko ne ke gaba a aji. To amma a 1994 Ruth Chao ta nuna iyaye 'yan asalin Sin na faɗawa kashin masu tsanani a wannan ma'aunin alhali 'ya'yansu na cin jarrabawa sosai, don a wurinsu matsa wa yaro kulawa ce kuma yaron ya san haka. Mu ma dai in aka kawo takardar tambayoyin nan gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, sai a rubuta ba ta da sakin fuska, alhali kaka da goggo na can suna shagwaɓa shi.

Hira da wasa

Binciken da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na Betty Hart da Todd Risley, 1995, a Kansas. Gidaje 42 suka dinga zuwa duk wata suna naɗar awa guda ta maganar da ake yi, daga nan suka ƙiyasta cewa kafin shiga makaranta ɗan masu hali ya ji kalmomi wajen miliyan 30 fiye da ɗan talaka. Gida 42 fa, kuma ƙiyasi ne. A 2018 Douglas Sperry da Linda Sperry da Peggy Miller suka sake duba lamarin, suka ce in aka ƙirga har da maganar kaka da yayye da wadda yaro ke tsinta manya na yi a tsakaninsu, wannan tazarar ba ta fitowa haka.

Na Jamaika ya fi gamsarwa don gwaji ne aka yi da ƙuri'a. A 1986 zuwa 1987 Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda rashin abinci a Kinston, wasu daga ciki ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu duk mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, ta dinga faɗa masa sunan abu, ta yaba masa in ya yi daidai. Shi ke nan fa. Bayan kusan shekara 20 aka nemo su, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan suna samun kuɗin shiga sama da takwarorinsu da ba a yi musu ba da wajen kashi 25 cikin 100.

Iyaye da makaranta

Nancy Hill da Diana Tyson sun haɗa bincike 50 a 2009 kan 'yan ƙaramar sakandare. Abin da ya fi tafiya da kyakkyawan sakamako shi ne iyaye su dinga nuna wa yaro amfanin karatun, su tambaye shi me yake so ya zama, ya san ana sa rai da shi. Zuwa taron iyaye da malamai na da ɗan amfani. Zama a yi wa yaro jinga kuwa sai aka ga yana tafiya da sakamako mara kyau, duk da dai wataƙila yaron da ke fama ne tun farko ya sa aka zauna da shi. Uwar da ba ta iya boko ba tana iya na farkon tsaf.

Saki, maraici da talla

Paul Amato ya daɗe yana bin 'ya'yan da aure ya mutu a gidansu, a matsakaici suna ɗan yin ƙasa a karatu amma tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma babban ɓangarenta rigimar iyayen ce, har ma yaran gidan da faɗa ya yi yawa kan samu sauƙi in an rabu. A Afirka Anne Case da Christina Paxson da Joseph Ableidinger sun duba ƙasashe 10 a 2004 suka ga maraya ya fi fuskantar rashin shiga makaranta fiye da yaran da suke ci kwano ɗaya, kuma duk sanda dangantakarsa da mai gida ta yi nisa abin ƙaruwa yake.

A Kano kuma Enid Schildkrout ta zauna cikin birni a shekarun 1970, daidai lokacin da aka ƙaddamar da UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976. Ta nuna yadda matar da ke kulle ke dogara da 'yarta, ita ce mai talla, ita ce 'yar aike kasuwa, kuma da ribar ake tara kayan ɗakin yarinyar. Kenan in ta tafi boko sana'ar uwa ta tsaya, shi ya sa cire ta daga aji ba lallai ƙin ilimi ba ne.

Gardamar gado

Iyaye na ba yaro gida kuma suna ba shi jini, to ya za a raba? A 1998 Judith Rich Harris ta tayar da ƙura da ta ce binciken tagwaye da na yaran riƙo na nuna gado da abokai sun fi tarbiyyar gida tasiri, kuma dole masu bincike suka ƙara taka-tsantsan. A 2018 Augustine Kong da abokan aikinsa a Aislan suka duba ƙwayoyin halittar mutum sama da 21,000 da na iyayensu, suka gano hatta ƙwayoyin da iyaye ba su gadar wa ɗan ba suna da alaƙa da nisan karatunsa, da ƙarfin da ya kai wajen kashi 30 cikin 100 na waɗanda ya gada. Tunda ba su cikin jininsa, masu binciken sun ce ta irin gidan da iyayen suka shimfiɗa masa suka same shi.