Ruɗanin Sunaye a Ilimin Rukunin Fazi

Rukunin fazi reshe ne na lissafi da ke aiki da rukunonin da iyakarsu ba ta tsaya cak ba. Lutfi Zade, haifaffen Baku kuma malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, shi ya gabatar da shi a 1965. A tsohon tsari abu ko dai yana cikin rukuni ko yana waje. A nan kuwa ana ba shi daraja daga 0 zuwa 1, gwargwadon yadda ya dace da rukunin.

Sunan kansa ya fara jawo rikici. Fazi a Turanci na nufin dishi-dishi, har wasu suka ɗauka lissafin ne na kame-kame, alhali ƙa'idojinsa tsayayyu ne. Kalmomi irin su "ƙiba" da "tsufa" ne ba su da gaci.

Babban ruɗani shi ne haɗa daraja da yiwuwa, don dukansu tsakanin 0 da 1 suke. In an ce yiwuwar ruwa gobe 0.7 ce, gobe na yi, magana ta ƙare: ko an yi, ko ba a yi ba. Amma ragon da dillali ya dafa wa gadon baya a karar Maigatari ranar Alhamis, ya ce "ba laifi, ya ɗan yi ƙiba", in an ba shi 0.7, babu sauran abin jira. Ga ragon a tsaye. Ko an ɗora shi a sikeli, darajar tana nan.

Kalmar "da" ma ba ta tsira ba. A ce ragon ya samu 0.4 a tsayi. Darajar "ƙiba da tsayi" 0.4 ce a wurin Zade, mai ɗaukar ƙaramar. Masu ninkawa za su ce 0.28, tsarin Lukashebich, masanin manɗiƙi (ilimin hujja) ɗan ƙasar Poland, kuma ya ba da 0.1. Abin da ke ɗaure wa ɗalibin manɗiƙi kai: rashin ƙibar ragon 0.3 ce (wato a debe 0.7 daga 1), don haka a tsarin Zade "mai ƙiba kuma marar ƙiba" ya fito 0.3, ba sifili ba.

"Manɗiƙin fazi" shi ma suna ɗaya ne mai ma'ana biyu. Injiniyoyi na nufin dabarun sarrafa na'ura, kamar na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Sendai a Japan da aka buɗe a 1987. Masana lissafi kuwa na nufin tsarin hujja mai darajojin gaskiya barkatai, wanda Lukashebich ya share wa fage da darajoji uku a 1920, Peter Hayek na Firag ya daidaita shi a littafinsa na 1998.