Kakar Besbol ta Amurka ta 1947

Kakar 1947 ta babbar gasar besbol ta Amurka, wato Major League Baseball, an buɗe ta ne ran 15 ga Afrilu aka gama wasannin lig a ƙarshen Satumba, sai wasannin ƙarshe na World Series, inda zakarun lig biyu ke karawa, daga 30 ga Satumba zuwa 6 ga Oktoba. Kulob 16 ne suka fafata, takwas a American League takwas a National League, kowanne da wasa 154 a jadawalinsa. New York Yankees ce ta ɗau kofi bayan ta doke Brooklyn Dodgers a wasa huɗu cikin bakwai. Amma dai abin da ya sa har yau ba a daina maganar wannan kaka ba shi ne a cikinta ne baƙar fata ya sake taka filin babbar gasar, bayan sama da shekara sittin ana hana su.

Yadda wasan yake

Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda ya ruga a guje, sai ya taka tashoshi uku ya dawo inda ya tashi kafin a rubuta wa kulob ɗinsa maki ɗaya. Ana yin zagaye tara, kuma a kowane zagaye sai an fitar da mutum uku kafin ɗaya ɓangaren ya karɓi sanda. In ƙwallo ta tsallake katangar fili shi ne hom ran. Lissafin bugu kuwa, wanda ke da .300 yana nufin cikin gwaji goma yana dacewa sau uku, wato ya buga ƙwallo ya isa tasha ba a fitar da shi ba, kuma wannan babban ƙoƙari ne a besbol.

Shigowar Jackie Robinson

Babu wata rubutacciyar doka da ta hana baƙaƙe shiga gasar, fahimta ce kawai tsakanin masu kulob-kulob, amma ta yi ƙarfin da tun bayan Moses Fleetwood Walker da ya buga wa Toledo a 1884 aka rufe ƙofar ruf. Baƙaƙe sai suka kafa nasu gasannin da ake kira Negro Leagues, inda manyan gwanaye irin su Josh Gibson da Satchel Paige suka yi ƙuruciyarsu. Gibson ma ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin a buɗe ƙofar.

Branch Rickey, shugaban Dodgers, shi ya yanke shawarar karya wannan al'ada. Ya zaɓi Jackie Robinson, haifaffen jihar Georgia a 1919 wanda ya tashi a California ya yi karatu a jami'ar UCLA, tsohon hafsan soja da aka taɓa gurfanarwa gaban kotun soja a 1944 saboda ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotun kuma ta wanke shi. A 1945 yana buga wa Kansas City Monarchs ta Negro Leagues ne Rickey ya kira shi, sharaɗin da ya gindaya masa kuwa mai nauyi ne, duk zagin da za a yi masa kar ya rama, duk wanda ya tsokane shi ya kau da kai. Mutumin da ya ƙi tashi daga kujera har aka kai shi gaban kotun soja ba mai sanyin zuciya ba ne, saboda haka wannan haƙurin da ya ɗauka ba ƙaramin abu ba ne. A 1946 aka tura shi Montreal Royals a Kanada, ƙaramar ƙungiyar Dodgers, ya buga .349 ya fi kowa a gasarsu.

Tun wajen atisayen share fage wasu 'yan wasan Dodgers, akasarinsu 'yan kudancin Amurka, suka fara tara sa hannu wai ba za su buga da shi ba, ana yawan ambaton sunan Dixie Walker a cikinsu. Koci Leo Durocher ya tara su ya taka musu birki. Sai dai shi kansa Durocher bai ga kakar ba, domin kwana kaɗan kafin a fara kwamishinan gasar Happy Chandler ya dakatar da shi na shekara guda, cikin dalilan har da hulɗa da 'yan caca. Clyde Sukeforth ya riƙe kulob ɗin wasa biyu sannan Burt Shotton ya karɓa.

Ran 15 ga Afrilu a filin Ebbets Field na Brooklyn, gaban 'yan kallo dubu 26 da 'yan kai, Robinson mai shekara 28 ya fito da lamba 42 a bayansa yana tsaron tashar farko, wurin da ba nasa ba ne asali. Bai samu bugu ko ɗaya ba ranar amma ya ci maki, Dodgers ta doke Boston Braves 5-3.

Mako guda bayan haka Philadelphia Phillies suka zo Brooklyn, kocinsu Ben Chapman da yaransa suka zauna a benci suna ta surfa wa Robinson zagin launin fata tun daga farkon wasa har ƙarshe, abin ya yi munin da jaridu suka yi ca, wasu abokan wasansa da a da ba sa ko gaisawa da shi suka fara tare masa. Da aka matsa wa Chapman sai aka shirya ɗaukar hoto a watan Mayu don a nuna an sasanta, a hoton za ka ga su biyun sun riƙe sanda ɗaya kowa da nasa gefen, babu musabaha. Ga wasiƙun barazanar kisa, ga otal a Philadelphia da ya ƙi ba shi ɗaki, ga masu jifa da ke auna jikinsa, sau tara ƙwallo ta same shi a kakar. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis Cardinals ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi, shi dai Slaughter ya ce ba da gangan ba ne. Wendell Smith, ɗan jaridar Pittsburgh Courier wanda shi ma baƙi ne, shi ya riƙa yi masa rakiya a tafiye-tafiye.

Akwai labarai biyu da masana tarihi ba su daidaita a kai ba. Na farko rahoton da ya fito a Mayu cewa 'yan Cardinals sun shirya yajin aiki don kar su buga da Robinson, 'yan wasan sun musanta. Na biyu labarin abokin wasansa Pee Wee Reese da ya dafa kafaɗar Robinson gaban masu ihu a Cincinnati, wasu na ganin a 1947 ne wasu kuma sun ce sai daga baya.

Da duk wannan Robinson ya gama kakar da .297, hom ran 12, maki 125, ya kuma saci tasha, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba yayin da mai jifa ke wurgo ƙwallo, sau 29 wanda babu wanda ya kai shi a National League. Shi aka fara ba kyautar gwarzon sabon ɗan wasa ta ƙasa baki ɗaya.

Sauran huɗun

Ana yawan mantawa ba shi kaɗai ba ne. Ran 5 ga Yuli Larry Doby ya fito wa Cleveland Indians, baƙi na farko a American League, kuma mai kulob ɗin Bill Veeck ya biya Newark Eagles, kulob ɗin Doby a Negro Leagues, kuɗin ɗan wasansu, abin da Rickey bai yi wa Monarchs ba. Doby ya sha irin wulaƙancin da Robinson ya sha ba tare da an yi masa wani shiri ba, ya ƙare kakar yawanci a benci. St. Louis Browns ta ɗauki Hank Thompson da Willard Brown a Yuli ta sallame su a Agusta. Dan Bankhead, mai jifa, ya shiga Dodgers a ƙarshen Agusta.

Yadda lig ya kaya

Yankees ƙarƙashin Bucky Harris sun ci wasa 97 sun faɗi 57, da tazarar wasa 12 tsakaninsu da Detroit Tigers, a tsakiyar kaka sun jera nasara 19 ba faɗuwa. Dodgers sun ci 94, Cardinals na biye da tazarar wasa biyar.

Ted Williams na Boston Red Sox ya fi kowa a lig ɗinsa ta fuska uku, bugu .343, hom ran 32, da maki 114 da bugunsa ya shigo da su, amma duk da haka 'yan jarida suka ba Joe DiMaggio na Yankees kyautar gwarzon shekara da ratar maki ɗaya tal, 202 da 201, kuma in aka duba alƙaluma Williams ne ya cancanta. A National League Bob Elliott na Braves ne gwarzo, Ralph Kiner da Johnny Mize kowa ya buga hom ran 51. Ran 27 ga Afrilu an karrama Babe Ruth, tsohon gwarzon Yankees, a Yankee Stadium yana fama da ciwon daji, muryarsa da ƙyar take fita.

World Series

Shi ne na farko da aka nuna a talabijin. Yankees suka ci biyun farko a gida, Dodgers suka ci na uku. A wasa na huɗu Bill Bevens na Yankees ya yi ta jifa har zagaye na tara babu wanda ya samu bugu a kansa, duk da ya bar mutum goma sun wuce tashar farko kyauta saboda jifansa na kaucewa, saura mutum ɗaya ya fitar ya kafa tarihi sai Cookie Lavagetto ya taso daga benci ya make ƙwallo ta daki katangar dama, mutum biyu suka shigo, Dodgers ta ci 3-2. A na shida kuma DiMaggio ya ɗaga wata doguwar ƙwallo da za ta iya farke wasan, Al Gionfriddo na Dodgers ya bi ta da gudu ya cafke dab da shinge, DiMaggio da ba a san shi da nuna fushi ba har ya shuri ƙasa. A na bakwai Joe Page na Yankees ya karɓi jifa ya riƙe zagaye biyar, Yankees ta ci 5-2, kofinsu na 11 ke nan. Bevens da Lavagetto da Gionfriddo dukkansu ba su ƙara buga wasa a babbar gasar ba bayan wannan.

Bayan kakar

'Yan kallo baƙaƙe sun koma bin Dodgers, gasanninsu na da suka fara durƙushewa, Negro National League ta watse bayan kakar 1948. Sauran kulob-kulob kuwa sun ja ƙafa sosai, Red Sox ce ta ƙarshe, sai a 1959 ta sa baƙin ɗan wasa. A 1997 aka jingine lamba 42 a duk gasar don karrama Robinson, aka bar waɗanda ke sanye da ita a lokacin su ci gaba, na ƙarshensu Mariano Rivera na Yankees ya yi ritaya a 2013.