Finafinai kan kisan ƙare dangi da aka yi wa Kurdawa

Finafinai kan kisan ƙare dangi da aka yi wa Kurdawa sun fi karkata ga ta'asar gwamnatin Saddam Hussaini a arewacin Iraƙi. Akasarinsu sun fito ne daga shekarar 2002 zuwa gaba, kuma ba kasafai suke nuna ainihin kisan ba. Marayu da gwauraye da masu neman 'yan uwansu da suka ɓace su ne jigon labarin.

Anfal da Halabja

A 1988 Ali Hassan al-Majid, ɗan uwan Saddam, ya jagoranci farmakin sojoji kan Kurdawa da aka kira Anfal, aka rushe ƙauyuka, aka kwashe maza aka harbe. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum 50,000 zuwa 100,000 ne suka mutu, Kurdawa kuwa 182,000 suke faɗi. Ranar 16 ga Maris na wannan shekarar aka yi wa garin Halabja ruwan iskar guba, kusan mutum 5,000 suka halaka.

Fim ɗin Jiyan na Jano Rosebiani, wanda ya fito a 2002, labarin wani Bakurde ne da ya dawo daga Amurka don gina gidan marayu a Halabja. Ma'anar sunan a Kurdanci ita ce rai.

Wanda ya fi shahara shi ne Turtles Can Fly na Bahman Ghobadi, Bakurden Iran, a 2004. An shirya labarin a wani sansanin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Turkiyya, daf da mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003. Yaran sansanin nakiyoyi suke tonowa su sayar, har akwai wanda ba shi da hannuwa, da haƙora yake kwance nakiya. Ƙanwarsa Agrin tana fama da ɗan da ta haifa bayan sojoji sun yi mata fyaɗe. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na San Sebastián a Sifaniya, kuma ana yawan cewa shi ne na farko da aka ɗauka a Iraƙi bayan faɗuwar Saddam.

Memories on Stone na Shawkat Amin Korki, a 2014, ya bi ta wata hanya: abokai biyu ne ke fafutukar shirya fim kan Anfal, samun macen da iyayenta za su bari ta fito ya zame musu jidali.

Dersim

Nezahat Gündoğan ta tattara shaidar matan da aka raba da iyayensu suna yara a kisan da aka yi a yankin Dersim na Turkiyya daga 1937 zuwa 1938, ta fitar da ita a matsayin fim a wajajen 2010. Turkiyya ba ta amince cewa kisan ƙare dangi ba ne.

Yazidawa

Harin da ƙungiyar 'yan ta'adda ta IS ta kai wa Yazidawa, mabiya wani addini na tsiraru, a Sinjar da ke arewacin Iraƙi a 2014 ya haifar da finafinan Reseba a 2016 da Sabaya a 2021. Akwai saɓani kan sanya Yazidawa cikin Kurdawa.