Gyaɗa 'Yar Gidan Wake Ce, Yazawa Kuma Ɗan Gidan Mangwaro

'Yan uwa manoma da iyayenmu mata masu sana'ar suya, a tire ɗaya ake tallar gyaɗa da aya da ƙwallon yazawa, shi ya sa wasu ke ɗauka dangi ɗaya ne. Masana tsirrai ba da ɗanɗano suke raba su ba. Fure suke dubawa, da yadda ɗan ke fitowa, kuma wannan rabon yana da amfani a gona da kuma ga lafiya.

Gyaɗa 'yar gidan wake ce, ita da gurjiya da waken suya. A sama take fure, sai wani ɗan tsinke ya sunkuyo ya nutse cikin ƙasa, can kwanson ke cika. Idan ta kai kamar mako 6, ku tuge gindi ɗaya ku duba saiwa, za ku ga ƙananan ƙuraje. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin halittar da ke ciki suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya. Saboda haka zuba mata yuriya da yawa asarar kuɗi ce, sai dai ta yi ta ganye. Takin sufa ta fi bukata, lokacin shuka. Kuma kada a ce an yi sauyin shuka don an cire wake an sa gyaɗa. Gida ɗaya ne, wasu ƙwari da cututtukan duk nasu ne. A bi ta da dawa ko gero ko masara. Wuta-wutar da ke kashe dawa ba ta kama gyaɗa.

Aya kuwa ba ɗan itace ba ce sam. Ƙullutu ne da wata ciyawa ke yi a ƙarƙashin ƙasa. Ba ta ƙara wa gona komai, ci kawai take yi, kuma wadda ta ɓuya a ƙasa bayan girbi za ta tsiro baɗi ta dami abin da aka shuka. Manoman Maraɗi sun san wannan sarai.

Sai masu ƙwallo: mangwaro, magarya, aduwa, ɗinya, goriba, har da kwakwa. Tsarinsu ɗaya, fata a waje, sai tsoka (a kwakwa zare ne), sai ƙwallo mai tauri, iri kuma yana can ciki. Mai renon itatuwa ya fasa ƙwallon magarya a hankali kafin shuka, in ba haka ba zai daɗe yana jira. Irin mangwaro kuma ba ya jimirin ajiya, a shuka shi cikin 'yan kwanaki.

Inda na fi so ku buɗe kunne shi ne yazawa. Wannan jan ko rawayan da muke tsotsa mariƙi ne da ya kumbura. Ainihin ɗan shi ne ƙwallon da ke rataye a ƙasansa. A cikin ɓawon ƙwallon akwai wani mai da ke ƙona fata har ta yi bororo. Kada yaro ya gwada fasa shi da haƙori. A gasa shi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da ɗaki, domin hayaƙin yana cutar ido da maƙogwaro. Masu ɓarewa su sa safar hannu, in babu su shafa man girki ko toka.

Da yake yazawa da mangwaro dangi ne, wanda ƙaron mangwaro ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ya yi hattara da ɓawon yazawa. Duk wanda ya ci gyaɗa ko yazawa sai fuska ta kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, a kai shi asibiti nan take, ba a jira gari ya waye. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a niƙa musu gyaɗa a kunu, kada a ba su ƙwaya, tana iya shaƙe su.