Wannan NHF ɗin da ake cire maka a albashi, zai iya saya maka gidan farko?

Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa zama ya duba takardar albashinsa da kyau zai iya ganin wani ɗan layi an rubuta NHF, kusa da fansho da haraji, ana ɗan gutsurar wani abu duk wata. Yawancinmu mun ɗauka wani harajin ne kawai aka ƙirƙiro, mun sallama. Alhali kuɗinka ne, ajiya ce da sunanka, kuma ita ce ƙofar samun bashin gida mai araha da gwamnatin tarayya ke bayarwa a Najeriya. Matsalar dai ƙofar akwai ƙunci, bari in bi ta da ku a hankali.

Dokar tsohuwa ce, tun 1992 zamanin Babangida aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, aka damƙa shi a hannun bankin ba da lamunin gidaje na tarayya wato FMBN. Tsarin kamar adashe yake, kowa ya zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da yake samu a wata, a tara, wanda ya cika sharaɗi a ranta masa ya sayi gida ko ya gina. A lokacin duk mai samun naira 3,000 a shekara dole ne ya zuba, eh a shekara na ce ba a wata ba, kun ga yadda naira ta koma. A watan Fabrairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa kasuwanci, ita ta gyara wannan sashen, yanzu ma'aikacin gwamnati mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi zuwa sama dole ne, shi kuwa ma'aikacin kamfani ganin dama ne. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su ma za su iya yin rajista su riƙa zubawa da kansu, wannan mutane da yawa ba su sani ba, sun ɗauka abin na 'yan boko ne zalla. Mai albashin 70,000 abin da ake cire masa 1,750 ne a wata, kuɗin data ma bai kai ba.

To me za ka samu? Idan ka haura shekara 18 kuma ka yi wata shida kana zubi a jere, ka cancanci neman rancen. Kuɗin ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, kuma za a iya ba ka har shekara 30 kana biya. Wanda ya taɓa leƙa bankin kasuwanci neman bashi ya ji ana maganar kashi ashirin da wani abu shi zai gane wannan garaɓasa ce. An daɗe iyakar abin da ake bayarwa miliyan 15 ne, daga baya da tsadar siminti da rodi ta sa kuɗin ba sa iya komai aka ɗaga zuwa miliyan 50. Sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, kuma na gidan zama ne, ba a bayar da shi don ka gina shaguna ko otal.

Wani abin da ke ruɗa mutane, ba FMBN ɗin za ka je kai tsaye su ƙirgo maka kuɗi ba. Akwai ƙananan bankunan lamunin gidaje masu lasisi, ta hannunsu ake bi, su FMBN ke ba kuɗin a kashi 4, su kuma su ba ka a kashi 6, biyun nan ita ce ribarsu. Can za ka buɗe akawun, ka cike fom, su haɗa takardunka su tura. Kuma kada ka sa rai za ka ji alat ɗin miliyoyi a wayarka ka ɗan taɓa na auren ƙanwarka, in saye ne mai gidan ake biya.

Yanzu mu zo wurin lissafi, don nan ne zumuɗi ke sauka. Ƙa'ida ita ce abin da za ka riƙa biya duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Ka ranci miliyan 5 a shekara 30, biyan wata zai kama wajen 30,000, kenan sai albashinka ya kai 90,000. Miliyan 15 kuwa wajen 90,000 ne a wata, ana neman mai ɗaukar 270,000. Ita wannan miliyan 50 ɗin da ake ta yayatawa, biyan wata kusan 300,000 ne, wato sai mai samun wajen 900,000, ku faɗa min malamin firamare nawa ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a wannan layin. Sannan shekara 30 ɗin ma ba kowa ke samu ba, ana duba shekarunka da ragowar shekarun aikinka, don so ake ka gama biya kafin ritaya. Mai shekara 45 shekara 15 ta rage masa ya kai 60, shi miliyan 5 ɗin nan biyansa zai tashi wajen 42,000 a wata. Shi ya sa nake ganin yaron da ya fara aiki yau ya fi kowa dacewa da abin, sai dai shi kuma albashinsa ne bai taka kara ya karya ba, kuma a yanzu miliyan 5 a Kano ko Kaduna ko fulotin kirki sai ka fita bayan gari.

Akwai kuma kafin alƙalami, wato abin da za ka fara ajiyewa daga aljihunka. A da wannan ne ke korar mutane, sai aka sassauta, rancen da bai wuce miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kashi 10 ne. A nan dokar fansho ta 2014 ta shigo da wani taimako, sashe na 89 ya yarda ma'aikaci ya taɓa kuɗin fanshonsa don wannan, hukumar fansho PenCom ta fitar da ƙa'idojin a Satumban 2022. Za ka iya cire har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonka ka biya kafin alƙalami, in dai an yi wata 60 ana zuba maka kuma saura aƙalla shekara uku ka yi ritaya, miji da mata ma za su iya haɗa nasu. Ni dai ina ɗan jin tsoron wannan, don abin da za ka ci da tsufa ne kake yankowa, amma wanda ya sha wulaƙancin mai gidan haya zai ce min tsufa a gidanka da fansho kaɗan ya fi.

Babban dutsen da ke tare mu 'yan arewa kuwa takarda ce. Bankin zai riƙe gidan ne a matsayin jingina, don haka yana son takardar mallaka ta gwamnati, C of O, da zanen gini da hukuma ta amince da shi, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun albashi na 'yan watanni, da rahoton mai ƙiyasta darajar gida. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce ba a jinginar da fili mai irin wannan takardar sai da amincewar gwamna, shi ma wani zaman jira ne da kuɗi. Mu kuwa yaya muke ciniki? Wani abokina malamin sakandare ya samu ɗan gida ciki biyu da falo, ya yi shekaru ana cire masa NHF, ya ɗauko takardar gidan a leda da murnarsa. Da aka buɗe, takardar ciniki ce a fallen littafi, da sa hannun mai sayarwa da dillali da shaidu biyu da hatimin mai unguwa, irin dai wadda kowa ya sani kuma a unguwa babu mai musu da ita. Ma'aikacin bankin ya juya ta gaba da baya ya miƙo masa abarsa. Kafin ya gama zirga-zirgar ofishin filaye wani ya zo da tsabar kuɗi ya saye gidan. Don haka duk mai niyya ya fara da takarda tukuna, in a Kano yake ya je hukumar rajistar filaye ta KANGIS, a Kaduna KADGIS, ko kuma ya nemi gida a rukunin gidajen da dama can an gina su da cikakkun takardu.

Na san wani tun daga sama yake cewa ai kuɗin ruwa ne. Gaskiya ne, kashi 6 ɗin nan ruwa ne ko da kaɗan ne, wanda ya ranci miliyan 5 na shekara 30 zai biya kusan miliyan 10.8 a ƙarshe, kuma ni ba malami ba ne balle in ba da fatawa, kowa ya tambayi malaminsa. FMBN na da wani tsarin na haya har ka mallaka, ka shiga gidan kana biya duk wata ba kafin alƙalami har ya zama naka, amma shi ma a karanta yarjejeniyar da kyau a ga yadda aka lissafa ƙarin kafin a sa hannu.

Wanda kuma bai taɓa cin bashin ba kuɗinsa ba su bi ruwa ba. Idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, ko rashin lafiya ta hana shi aiki, zai cike fom a dawo masa da abin da ya tara da ƙarin kashi 2 cikin ɗari a shekara, in ya rasu magada ne za su karɓa, kuma magada da yawa suna bin garatuti da fansho su manta da wannan. Abin da ya kamata kowa ya yi tun yanzu shi ne ya nemi lambarsa ta NHF a ofishin albashi, ya danna *219# a layin da ya yi rajista da shi ya ga ko abin da ake cirewa yana isa asusun, don cirewa daban turawa daban.