Maganin sa barci: me yake yi wa zuciya da jijiyoyin jini?

Idan ma'aikacin asibiti ya ce za a yi wa mara lafiya "allurar barci", ko aka rubuta wa tsoho "maganin kwantar da hankali", ana nufin magungunan da ke dusashe aikin ƙwaƙwalwa. Kaɗan ya kawar da fargaba, a ƙara ya kawo gyangyaɗi, a ƙara sosai mutum ya tafi barcin da ko yanka shi ake yi bai sani ba. Diyazafam, da aka fara sayarwa a 1963 da sunan Valium, da midazolam, da furofofol, duk hanya ɗaya suke bi: suna ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa aikinsa taka birki.

To, ƙwaƙwalwar da aka taka wa birki ita ce kuma ke riƙe da jijiyoyin jini. A bangon jijiyoyin akwai siririyar tsoka, kuma dare da rana umarni na zuwa mata ta ɗan matse. Ka tuna mai ban ruwa da tiyo: ya danne baki da yatsa, ruwa ya fita da ƙarfi, ya saki, ruwan ya zube a gabansa. Haka jini yake. Da umarnin ya yi rauni, jijiyoyi su saki, jini ya taru a ƙafafu da ciki, abin da ke komawa zuciya ya ragu, awon jini ya yi ƙasa.

Furofofol, farin ruwan nan mai kama da madara, ya fi kowa yin haka. Kuma yana da wata illa ta biyu. A wuya da kusa da zuciya akwai 'yan ma'aunai da ke jin faɗuwar jini, su sa zuciya ta ƙara sauri nan take. Furofofol yana dakushe wannan ɗauki, sai jini ya faɗi zuciya kuwa ba ta hanzarta ba. Shi ya sa a ɗakin tiyata za ka ga madaurin awo yana matse hannun mara lafiya duk bayan 'yan mintuna, ga abin da aka maƙala masa a yatsa yana ƙara, ga ledar ƙarin ruwa a rataye tun kafin allura. Matashi mai lafiya zai jure. Dattijo, ko wanda gudawa ta tsotse, ko mai haihuwar da ta zubar da jini, su ne abin tsoro.

Ketamin, wani maganin sa barci na tiyata, daban yake. Yakan ɗaga bugun zuciya da awon jini, kuma bai cika danne numfashi ba, don haka ƙananan asibitocin Afirka suke dogaro da shi ƙwarai. Amma mai hawan jini ko ciwon zuciya sai an yi masa taka-tsantsan.

Abin da ke damuna shi ne shan waɗannan magunguna a wajen asibiti. Diyazafam shi kaɗai bai cika girgiza zuciya ba, amma samarin da ke haɗa D5 ko rochi (sunayen da suke kiran diyazafam da danginsa) da tiramadol, kodin ko giya suna danne numfashi ne ta fuska biyu. Iska ta ƙaranta a jini, zuciya ta rikice, ta tsaya. Furofofol haɗe da dangin diyazafam ne ya kashe mawaƙi Michael Jackson a gidansa a Amurka ranar 25 ga Yuni, 2009, kuma likita ne ya ba shi, a ɗakin da babu cikakkun kayan sa ido.

Ko a gida ma, tsohon da ke shan maganin hawan jini aka ƙara masa na barci, idan ya zabura tsakar dare zai kewaya, jiri na iya kwasarsa ya faɗi ya karya ƙugu. A gaya wa likita duk maganin da yake sha, a kuma saba masa da zama bakin gado na minti ɗaya ko biyu, ƙafafu a ƙasa, kafin ya miƙe.